Kakana Ya Riga Ni Isa Kanada

Tantabarun maƙwabcinmu ne suka fara sanar da ni. Ina tsakar gidanmu a Soba, unguwar da ke gefen Khartum, da tsintsiya a hannu, na jingina wayata a bakin randa tana fitar da muryar Tahani, sai na ga sun tashi gaba ɗayansu ba wanda ya kore su, suka yi sama suka ƙi sauka. Lokacin ban ji ƙarar komai ba. Na tsaya ina kallonsu, Tahani kuwa tana ta zuba daga Kanada, wai ƙanƙara ta fara narkewa, wai an buɗe ɗakin tarihin ƙauyensu kuma ita aka ba aikin goge gilasan hotuna. Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafuna, ruwan randa ya yi rawa.

Habboba, kakata ta wajen uba, ta leƙo da carbi a hannu. "Nafisa, tukunyar gas ɗin wa ta fashe da azumin nan?"

Ba gas ba ne. Kafin azahar muna kwance a ƙarƙashin gado ni da ita, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa, Baba yana bakin ƙofa yana ta cewa zuwa gobe sojojin da ke faɗa da junan nan za su shirya. Har yau in aka rufe ƙofar mota da ƙarfi sai in nemi wurin ɓuya.

Bari in faɗi ko wace ce Tahani, in ba haka ba ba za a gane abin da ya riƙa cina ba. 'Yar Baffa Sale ce, ƙanin Baba. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, ni ce nake yi mata aikin Turanci ita tana zana lalle a bayan littafi. Da sakamako ya fito na bar ta can baya. Amma Baffa ne ya samu hanyar tuƙin babbar mota a Kanada ya kwashe iyalinsa, ni kuma na samu aikin miƙa magani a wani kanti kusa da asibiti. Ba ma birni suka je ba. Ƙauye ne a tsakiyar gonakin alkama, titi ɗaya, coci ɗaya, da suna mai karya harshe. Habboba ta gwada faɗa ta kasa, sai ta sa masa Jazirar Ƙanƙara, tunda ita duk inda ake noma mai yawa Jazira ne, wato yankin manyan gonakin Sudan, can inda ta yi cirar auduga har bayanta ya lanƙwashe.

Akwai kuma maganar hoto. Kakanmu Malam Dauda hoto ɗaya tak ya bari a duniya: yana tsaye a bakin hanyar ruwa a Jazira, fartanya a kafaɗa, yana harara kamar mai hoton ya taka masa shuka. A bangon ɗakin Habboba na tashi na gan shi. Baffa ya ɗauka wai zai wanko wa kowa nasa, sai ya tafi da shi. A ƙauyen nan kuwa al'adarsu ce, duk iyalin da suka zauna sai su kawo hoton wanda ya fara barin gida a zuriyarsu a rataye a bangon ɗakin tarihi. Tahani ta kai nasa. Ta ɗauki hoton bangon ta aiko min, ga Kaka Dauda a bayan gilashi tsakanin wasu Turawa masu gemu.

"Oh ni," in ji Habboba da na nuna mata. "Mutumin da ya taso a ƙafa daga ƙasar Kano zai je Makka, ya tsaya neman guzuri a Jazira har ya mutu bai ga Ka'aba ba. Ga shi nan a Kanada, ko biza bai nema ba."

Ita dariya ta yi. Ni ban yi ba. Ni ce nake share masa ƙura duk Juma'a.

A kwanakin farko na faɗan Tahani kuka take yi a waya tana jero tambaya: kun ci, kun sha, kuna ina? Na gaji na ce mata, "Don Allah ki daina tambayata. In za ki yi magana ki yi wata maganar." Sai ta koma aiko min da tarihin ƙauyen, saƙon murya bayan saƙon murya, duk abin da ta karanta a ƙarƙashin hotunan da take gogewa. In wuta ta ɗan leƙo na yi caji, sai mu saurara a ƙarƙashin gado.

Ta ce waɗanda suka kafa ƙauyen yunwa ce ta koro su daga wata ƙasa ta Turai. Sanyin farko ya same su ba su gina komai ba, sai suka haƙa ramuka suka rufe da ƙasa da ciyawa suka shige. Ta ce akwai likitan da ya karɓi haihuwar kusan kowa a garin, yana bin gonaki a kan doki, shi kuwa bai taɓa samun nasa ɗan ba. Akwai ɗan Sin mai gidan abinci wanda a shekarun fari bai rufe wa kowa ƙofa ba, amma da ya mutu sai da aka yi gardama ko za a binne shi a maƙabartarsu. Akwai wanda ya yi suna a wasan da suke yi da sanda a kan ƙanƙara, ya dawo ba haƙoran gaba ya ci gaba da nomansa. Mutanen asalin wurin kuwa, waɗanda aka tarar aka tura gefe, sai kwanan nan aka sa hotonsu, can kusa da ƙofa.

"Irinmu ke nan," in ji Habboba. "Fallatan bakin ƙofa." Haka ake kiranmu a Sudan, ko kakan kakanka a nan aka binne shi.

Sai kuma Marta. Mijinta ya fita neman shanu, guguwar ƙanƙara ta rufe shi, maza suka ce ba mai fita. Ita kuwa ta ɗauki fitilar kananzir ta hau saman rumbun alkama na katako, wanda ya fi komai tsawo a garin, ta rataye ta a taga ta zauna tana ƙara mai. Mijin ya bi hasken ya dawo. Ya rasa wasu yatsu, amma ya dawo. Tun daga nan duk ɗan garin da ya ɓace a hanya sai a kunna fitila a tagar, kuma ba a kashewa sai shi da bakinsa ya ce ya iso. Yanzu ta lantarki ce, makunnin yana hannun jikar Marta, wata tsohuwa Elsi. Amma 'yan gari kaɗai ake kunna wa, waɗanda nasu ke bango.

Ni ba Marta nake saurara ba. A bayan muryar Tahani akwai ƙarar famfo. Tana magana tana wanke kofi, ruwa na zuba, na zuba, ko rufewa ba ta yi. Mu a lokacin ruwan randa ya koma laka, da gefen mayafi muke tacewa. Na riƙa mayar da saƙon baya don in ji famfon, ina ji kamar in miƙa hannu ta cikin wayar in finciko ta in kwantar da ita a inda nake kwance. Ba mutuwarta nake so ba. So nake ta ji ƙishin nan ko na yini ɗaya.

Bayan salla harsashi ya shiga ta tagar maƙwabta, Baba ya ce ni da Habboba mu tafi Masar, an ce mata ana barinsu su shiga. Shi ba zai bar gida ba. "In na fita yau, gobe wani ne a ɗakina," in ji shi. Gadojin tsakiyar Khartum ba sa biyuwa, sai dai a gangara kudu zuwa Jabal Awliya, a haye ta kan madatsar ruwa, a hauro Umdurman ta yamma inda motocin Masar suke tashi.

A ƙaramar bas ɗin Jabal Awliya muka zauna kusa da wata mata mai kwandon kifin da bai sayu ba, har ya fara wari. Ta ji Habboba na yi min faɗa da Hausa sai ta juyo.

"Ashe namu ne. Ni Batul, mijina masunci ne a bakin madatsa." Ta ga ina kallon hoton Tahani cikin jar rigar sanyi. "Wannan a ina take?"

"Kanada."

"Ya bitti, 'yata, goge. Duka. Akwai shingen masu bindiga a gaba, wayoyi suke bincikawa. In suka ga kina da mutum a waje za su ce gidanku da dala, su ajiye ki har sai an aiko."

Na fara gogewa. Na farkon sun yi min daɗi: jar rigar, ƙanƙarar, kek ɗin da Elsi ta gasa mata, famfon. Ɗaya bayan ɗaya na tura su inda ba sa dawowa. Da na zo kan hoton bangon sai yatsana ya tsaya. Shi ne kaɗai Kaka Daudan da ya rage a Sudan. Habboba ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Goge shi," ta ce. "Shi ai ya tsira."

Na goge. Lambar Tahani na yi ta maimaitawa har ta zauna a kaina, ita ma na goge.

Batul ba ta tsaya nan ba. Ta tsoma hannu a ruwan da ya taru a ƙasan kwandon ta shafa min a mayafi, a wuya, har a kumatu. Na ja baya. "Yi haƙuri, amarya," ta ce, "turaren yau ke nan."

A shingen wani ya leƙo, ya rufe rabin fuska da rawani, bindiga na lilo a ƙirjinsa. Ya karɓi wayoyi. Ya duba tawa ya ga fayau, ya dube ni, ya jefa ta a aljihu. Sai Habboba ta manta ta ce min da Hausa, "Sunkuyar da kanki."

"Fallata ne? Daga ina?"

"Daga Jazira," ta amsa masa da Larabci. "Tun kafin a haifi ubanka."

"Ke, sauko." Da ni yake.

Na sauka. Ya nuna min gindin wata bishiya inda mota take tsaye ƙofa a buɗe, ya ce in jira a can. Duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina. Abin da ya zo min, wallahi, mutanen bangon nan ne: likita mai doki, ɗan Sin, mara haƙora, Marta, Marta, Marta. Ina jera su ina jin haushin kaina, wai zan mutu da ƙauyen Tahani a baki. Ita ko ƙaya ta taka akwai mai kunna mata fitila. Ni ga ni tsaye da rana tsaka, duk mutanen motar sun mayar da idanunsu kan gwiwoyinsu.

Batul ce ta sauko da kwandonta tana ihu. "Haba ɗan nan, matar ɗana ce, ita ke ɗaukar min kaya! Gudawa take tun jiya, duk ta ɓata mana mota. Shinshina ka ji!" Ta tura ni gabansa. Ya matso, warin ya doke shi, ya ja baya yana tofar da yawu. Abokansa suka fashe da dariya suna tsokanarsa. Ta zaɓo kifin da ya fi dama-dama ta ajiye musu a kan buhun yashi, ta ja ni kamar akuya muka koma mota. Kafin mu hau madatsar ta sauka. Ko godiya ban samu na yi mata ba.

Tashar Umdurman fili ne kawai a bayan kasuwa, cike da mutane da akwatuna. Wani mai farar jallabiya da fara'a ya kira Habboba "uwata", ya ɗaukar mana jaka, ya ce motarsa na zuwa da safe, kujerun gaba namu ne. Habboba ta zare awarwaronta na zinariya, wanda ta yi shekaru tana cewa na aurena ne, ta ba shi. Safiya ta yi, wata ta sake yi. Ba mota, ba mai jallabiya. Ashe kujerun gaban nan ya sayar wa duk wanda ya yi masa murmushi a filin.

Muka zauna a inuwar wata matacciyar mota tare da sauran waɗanda ya yi wa. Hayaƙi na tashi ta wajen Khartum, in jirgi ya wuce yara su ruɗe da kuka. Wata yarinya ta ƙi yin shiru, uwarta ta gaji har ta ɗaga hannu za ta mare ta. Sai na ji bakina yana cewa da Larabci, "Zo in ba ki labarin matar da ta hau rumbu da fitila."

Na ba ta. Na ba ta na ramukan, na ba ta na likita. Kafin in kai kan ɗan Sin manya sun matso. Wani dattijo mai sanda, wanda ya ce a dā malamin makaranta ne, ya tambaya, "To, a cikinsu suka binne shi ko a waje?"

"A ciki. Marta ce ta ce in ba a sa shi ba, ita ma kar a sa ta."

Wannan Tahani ba ta faɗa ba, ni na ƙara. Na lura ma na fi ta iya ba da labarin. Ita karantawa take yi kamar mai biya darasi.

Wani direba da ke zaune a kan taya ya yi tsaki. "Tatsuniya. Wane gari ne zai ƙona wuta saboda mutum ɗaya? Mu nan birni guda ya ɓace, wa ya ƙyasta ko ashana?"

"A garinmu ana yi," na ce. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

"Garinku? Kin taɓa zuwa, baiwar Allah?"

Habboba ta zungure ni da gwiwar hannu ta karɓe. "Kakanta yana can. Babban mutum ne, a bango ma suka sa shi."

Direban nan mai tsaki shi ya ɗauke mu washegari. Ba kujera, a kan jarkokin ruwa a tsakiyar mota. Ya ce ɗan abin da ya rage a hannunmu ya isa, amma in na yi shiru a hanya zai sauke ni a hamada, don barci ke damunsa. Haka na yi ta zuba har muryata ta dushe, yashi na wucewa ta taga. Mutanen mota suka rabu biyu a kan maganar likita, wasu na cewa ya kamata ya ƙara aure. Duk sanda na ce "garinmu" sai in tuna wadda makullin ɗakin tarihin ke jakarta ba ni ba ce, tana can a kan katifa, ƙila ma ta gaji da nemana ta koma wanke kofunanta.

Bakin iyaka ba na son tuna shi. Rana, layi, ƙafafun Habboba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Dattijo mai sanda bai haye ba. A nan aka yi masa salla, direba ya rataye sandar a bayan kujerarsa.

Da la'asar muka sauka a wata tasha kusa da Aswan a ƙasar Masar. Wata Banubiya, 'yar asalin yankin, tana raba ruwa da biredi, na roƙe ta aron waya. Sai da na ɓata lambar Tahani na sake. Bugu ɗaya aka ɗauka, da hoto, sai ga fuskar Tahani ta cika wayar.

"Nafisa! Nafisa! Habboba fa?"

"Ga ta nan."

"Kuna ina? 'Yar banza, ina kika kai wayarki? Na kira har..." A waje take, gari bai gama wayewa ba a can, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Ta fara gudu, wayar na tsalle, ina ganin titin nan ɗaya da na yi ta ba mutane labarinsa. Ya fi yadda na faɗa ƙanƙanta. Sai ta tsaya ta ɗaga wayar sama.

Rumbun ne, dogo, jan fenti duk ya kwaile. A tagar can ƙoli fitila na ci.

"Tun ranar da wayarki ta daina shiga," in ji Tahani. "Wani manomi ya ce ai ke ba 'yar gari ba ce. Elsi ta kama hannunsa ta kai shi gaban bango ta nuna masa Kaka Dauda, ta ce jikar wannan ce, yana da wata magana?"

Habboba ta karɓi wayar ta kai ta dab da hanci. "To, Malam Dauda," ta ce, "ka dai yi wata rana."

Wata tsohuwa ta fito daga ƙofar ƙasan rumbun da hular ulu, fuskarta duk tamoji, Elsi ke nan. Ta matso ta yi magana a hankali da Turanci. Tahani ta buɗe baki za ta fassara.

"Bar shi," na ce. "Wa ya koya miki Turancin?"

Elsi ta maimaita. "Nafisa, kin fita. Kin tsira, 'yata. Faɗa da bakinki, in kashe." Ta ɗora hannu a kan makunnin da ke jikin ƙofa tana jira.

Na dubi Tahani. Idanunta sun kumbura, ta rame. Jar rigar nan kuwa ta yi mata kyau, har a lokacin sai da na lura. Na tattaro Turancina na sakandare wanda ban taɓa yi da Bature ba.

"Ni na iso," na ce. "Amma babana yana Soba. Ɗan mai fartanyar nan ne, ɗansa na fari. Ki bar ta."

Elsi ta dube ni. Sai ta cire hannunta daga makunnin ta mayar aljihu.